Gwaranci: a bakin mai magana yake, ko a kunnen mai sauraro?

A Damagaram da wuya yini ya wuce ba ka ji kalmar gwaranci ba. Uwa za ta ce ɗanta ya fara gwaranci, tana faɗa tana murmushi. Mai shago a kasuwar Dole zai ce wani baƙo ya zo ya yi masa gwaranci ya tafi, har yanzu bai san abin da yake nema ba. Sai kuma ranar da za a bugo waya da asuba a ce tsoho ya tashi bakinsa a harɗe, gwaranci kawai yake yi. Ta farko albishir ce, ta ƙarshe kiran gaggawa. Abin da ya haɗa su shi ne an yi magana, wanda aka yi wa bai gane ba. Kalmar ba ta faɗin daga wane ɓangare rashin ganewar ya fito, amma kullum kan mai magana take ɗora shi, kuma a nan nake ganin muke yawan kuskure, wani lokaci kuskuren da ke cin lafiyar mutum.

Ginin kalmar ba ɓoyayye ba ne. Hausa takan ɗauki sunan al'umma ta liƙa masa "-anci" ko "-ci", sai ya zama sunan harshensu: Bature da Turanci, Balarabe da Larabci, Buzu da Buzanci, Babarbare da Barbarci, Bazabarme da Zabarmanci. Haka ma karin harshen gari, Kananci da Katsinanci da Sakkwatanci da namu Damagaranci. Gwaranci a asalinsa harshen Gwarawa ne kawai. Sai dai wannan ɗafi yana da aiki na biyu, yana nuna hali, kamar yadda ake ji a jahilci da sakarci da shashanci. Ta wannan ƙofa ta biyu kalmar ta zame daga sunan harshen wasu mutane ta koma sunan duk maganar da ba a kama kanta ba.

Mutanen nan suna da sunan da suke kiran kansu da shi, Gbagyi, wasu kuma Gbari, kuma da yawansu sun fi son a kira su haka. Manoma ne na tsakiyar Najeriya, a yankin Minna da sassan jihar Kaduna da Nasarawa da ƙasar da aka gina Abuja a kanta. A 1976 aka yi dokar kafa sabon babban birnin, a 1991 gwamnati ta koma can, kuma ƙauyukansu da dama aka tasa don a samu filin. Duk wanda ya taɓa riƙe takardar naira 20, wadda ke yawo a hannun ƴan kasuwar Magarya da Matamai, ya ga hoton Ladi Kwali tana ginin tukunya. Ƴar wannan al'umma ce, ta rasu a 1984. Harshensu ɗan'uwan Nufanci ne, yana da ƙa'idojinsa da karin sautinsa kamar kowane harshe, kuma yana da sautuka irin "gb" da "kp" waɗanda ake furtawa da leɓɓa da can cikin baki a lokaci guda. Hausa ba ta da su. Bahaushe ya ji Gbari, harshensa bai ɗauka ba, ya mai da shi Gwari. Wato sunan kansa shaida ne cewa wuyar furuci ta kama ɓangarorin biyu. Mu a nan, da yawanmu ba mu taɓa zama da ko mutum ɗaya daga cikinsu ba. Kalmar ta fi mutanenta nisan tafiya, ta iso mana ba tare da su ba, shi ya sa mai faɗinta a unguwar Birni ko ta Garin Malam ba ya jin yana taɓa kowa.

Mu ma an yi mana irin wannan suna. Larabawa suna kiran wanda ba ya fitar da Larabci sarai "a'ajami", suna kiran waɗanda ba Larabawa ba "ajam". Daga nan aka samu ajami, rubutun Hausa da baƙaƙen Larabci, wanda malamanmu suka rubuta waƙoƙin wa'azi da wasiƙu da shi tun kafin boko. A kunnen Balarabe Hausa ma magana ce da ba ta fita. Alƙur'ani kuwa, a Suratur Rum aya ta 22, ya lissafa saɓanin harsunan mutane da launukansu cikin ayoyin Allah. Don haka ni ba na ƙyamar kalmar idan uwa ta faɗe ta a kan jaririnta, amma ba na yarda a kira harshen wata al'umma da ita da nufin raini. Idan Batube ko Bafulatani ya yi nasa harshe ban gane ba, rashin sanin nawa ne.

Damagaram ma ba garin da ya kamata ya yi saurin kiran gwaranci ba ne. Gidan sarautar nan tushensa daga Barebari yake, kuma ya daɗe yana da alaƙa da Borno. Unguwar Zango masaukin ayari ce, inda Buzaye da Larabawan arewa da fataken Kano suka yi ciniki shekaru masu yawa, kowa da irin Hausarsa. Faransawa sun shigo a 1899, garin ya riƙe matsayin babban birnin mulkinsu a Nijar har 1926 da aka koma Yamai, suka bar mana wani harshen a kan waɗanda muke da su. Ko tsakanin Hausawa zalla abin yana faruwa. Bakano ya zo kasuwa a ce masa dala arba'in, sai ya tsaya, don bai san dala tamu sefa 5 ba ce, arba'in ɗinta 200. A ce masa yaro ya tafi lakwal da kaye da bik, sai ya ce gwaranci ake masa, alhali shi ma idan ya ce firamare da biro tsohuwar Tanut haka za ta ji shi. Tsakanin Fulani da Barebari kuwa kwaikwayon maganar juna yana cikin wasan taubasai, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Wannan wasa yana da ƙa'ida: kowa yana da damar ramawa. Wanda ba ya nan balle ya rama, yi da shi ake yi, ba wasa ba.

Akwai wani reshe na kalmar da ya fi burge ni. Idan bayani ya yi wa mutum nauyi sai ya ce, "Malam, yi mini gwari-gwari." Nufinsa a warware masa dalla-dalla, a hankali, da kalmomin da kowa ya sani, kamar yadda za a yi wa wanda bai ƙware da Hausa ba. Tushe ɗaya ya haifi sunan maganar da ba ta fita da sunan maganar da ta fi kowace fita. A gwari-gwari nauyin ya koma inda ya dace: mai magana ne zai sauko, ya nemo hanyar da za a gane shi.

Hausa ba ta rasa kalmomin da suka fi gwaranci tsayawa kan abu ɗaya ba, mu ne muke ƙyuiyar zaɓa. Ƙunƙuni maganar ƙasa-ƙasa ce ta wanda ransa bai so ba, da gangan yake hana ta fita. Sambatu na mai barci ne ko mai zazzaɓi, kalmomin suna fita amma ba su haɗu ba. Soki-burutsu yana fita sarai, ma'ana ce babu. Inda-inda da kame-kame na wanda aka ritsa ne yana neman mafita. Magana mai harshen damo ta mai wayo ce, ya bar wa kansa ƙofa biyu. Zaurance kuwa yara da ƴanmata ke ƙirƙira, su cusa gaɓa cikin gaɓa don manya kada su gane. Tsamin baki da in'ina su ma kowanne da gurbinsa. A gwarancin gaskiya sautin kansa ne ba ya rabuwa zuwa kalmomin da kunne ya sani.

Na yaro shi ne mafi daɗi, kuma shi ne wanda aka fi raina amfaninsa. Tsakanin wata 6 zuwa 10 jariri yakan fara maimaita gaɓa: ba-ba-ba, da-da-da, ma-ma-ma. Ba banza ba ne sunayen da ya fara buƙata suke da wannan siffa, baba da dada da mama da kaka da yaya. Wajen shekara 1 kalmar farko mai ma'ana takan fito, wajen shekara 2 ya fara haɗa biyu, "ba ni", "Inna zo". A shekara 3 baƙo ma yakan gane mafi yawan abin da yake faɗa, ba mutanen gida kaɗai ba.

Ku lura da kaka da jikanta a tsakar gida bayan la'asar. Yana zaune a cinyarta ya kama bakin zanenta ya ce "ta-ta-ta-da". Ba ta yi kamar ba ta ji ba. Sai ta zaro ido ta ce, "Iye, angona, haka aka yi? To wa ya taɓa min kai? Faɗa min in rama maka." Ta yi shiru tana kallon bakinsa. Shi kuma ya sake kwararo wani, har da ɗaga hannu. Ta ce, "Ai na faɗa musu, ba su ji ba." Ba kalma ko ɗaya a abin da ya faɗa, amma a wannan zaman yana koyon cewa magana karɓa-karɓa ce, ana yi ana saurarawa, kuma sautin da ya fitar yana motsa mutum. Wayar da ake miƙa wa yaro don ya yi shiru tana magana, amma ba ta jiran amsarsa. Wannan jiran shi ne darasin.

Abin tsoro shi ne rashin gwarancin. Jaririn da ba ya ji yakan yi kuka da dariya da ƴan sautuka a watannin farko kamar kowa, shi ya sa iyaye ba sa zargin komai. Inda bambanci ke fitowa shi ne maimaita gaɓa: yakan yi jinkiri ƙwarai, ko ya zo kaɗan. Yaron da ya fara kuma ya daina bayan wata rashin lafiya, wannan ma alama ce. Muna cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓulla lokacin zafi da ƙura, kuma daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 jihar Damagaram ta ga ɓarkewarsa, mutum sama da 500 suka kamu. Kurumta tana cikin abin da sanƙarau ke bari ga wasu da suka tashi. Ƙyanda ma tana yi, da kunnen da ya daɗe yana zubar da ruwa ba a kula ba, da shawara mai tsanani ga jariri sabon haihuwa. Amsar da aka saba bayarwa ita ce, "Nauyin baki ne, babansa ma sai da ya girma." Wani lokaci gaskiya ne. Amma gwadawa ba ta da tsada: a tsaya bayansa inda ba ya gani, a kira sunansa da murya madaidaiciya, a ga ko zai waiwayo. Idan ya cika shekara ba gwaranci, ko shekara 2 ba kalma, ko ba ya waiwaye, a kai shi a duba kunne. Wasu kan ruga wurin wanzami a yanke linzami, wato ƴar fatar da ke ƙarƙashin harshe. Linzami yana iya wahalar da tsotso, yana iya ɓata wasu sautuka, amma ba shi ke hana yaro samun kalmomi ba, kuma watannin da aka ɓata ana jiran aikin aska ba sa dawowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan ma ta tabbata kurma ne, maganar hannu cikakken harshe ce, kuma gwargwadon saurin fara ta gwargwadon buɗewar kansa.

Gidan da uwa Babarbariya ce uba Bahaushe, ko ana Buzanci a ɗaka ana Hausa a waje, kada a ɗora wa harsunan laifi. Yaro yana iya ɗaukar biyu tare, kuma cakuɗa su da yake yi a farko ba ruɗewa ba ce.

In'ina daban take, kuma zalunci ne a haɗa ta da gwaranci. Mai in'ina ya san abin da zai faɗa sarai, fitar ce ke sarƙewa. Takan fara tsakanin shekara 2 zuwa 5, ta fi kama maza, mafi yawan yara tana barinsu, kimanin mutum 1 cikin 100 ke girma da ita. Tsawa da duka da dariyar ƴan aji ƙara ta suke yi, haka ma ƙarasa masa magana kafin ya kai. Annabi Musa, alaihis salam, ya roƙi Allah a Suratu Ɗaha ya warware ƙulli daga harshensa don a fahimci maganarsa. Wanda ya san wannan aya bai kamata ya kwaikwayi mai in'ina don a yi dariya ba.

Gwarancin babba wanda jiya lafiya lau yake magana, shi ne wanda nake so kowane gida ya san fassararsa. Dattijo yana alwala, buta ta suɓuce daga hannun dama. Ɗansa ya ce, "Baba, lafiya?" Ya buɗe baki, abin da ya fito ba kalma ba ne, gefen bakin ya karkace, miyau na zuba. A irin wannan lokaci za ka ji an ce iska ce ta buge shi, ko an yi masa jifa, a shimfiɗa shi a ɗaka a aika neman rubutu da hayaƙi. Mafi yawan lokaci jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, abin da muke kira shanyewar ɓarin jiki, kuma hawan jini ne babban mai jawo shi. Ga mafi yawan mutane cibiyar magana tana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, ɓangaren hagu kuma shi ke sarrafa dama na jiki, shi ya sa mutuwar hannun dama da ɗaukewar magana suke yawan zuwa tare. Wani likitan Faransa, Paul Broca, shi ya nuna wannan gurbi a 1861.

Alamu uku ake dubawa: a ce ya yi murmushi a ga ko gefe ɗaya ya faɗi, a ce ya ɗaga hannu biyu a ga ko ɗaya na saukowa, a ce ya maimaita gajeriyar magana. Ko ɗaya aka gani, asibiti za a nufa a take, don awoyin farko su ne masu tsada. A riƙe lokacin da abin ya fara, likita zai tambaya. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko kunu, domin haɗiya ma takan lalace, abin ya bi ta huhu. Addu'a ba ta hana tafiya, a yi ta a cikin mota. Ko da maganar ta dawo bayan ƴan mintuna, a je, domin sau da yawa gargaɗi ne na babba mai zuwa. Mai ciwon suga da sugansa ya faɗi shi ma yakan yi irin wannan magana, haka yaron da zazzaɓin cizon sauro ya hau masa kai. Duka na asibiti ne.

Bayan an dawo gida wata wahalar ke farawa. Da yawa daga cikin waɗanda maganarsu ta ɗauke suna jin abin da ake faɗa, hankalinsu na nan. Za ka ga tsoho ya kasa cewa "ruwa", amma a ja masa Fatiha ya bi ta har ƙarshe, domin abin da aka haddace yana da tasa hanya a ƙwaƙwalwa. Sai a zauna a kansa ana cewa "ai ya koma yaro", ana maganar gonarsa kamar ba ya wurin, hawaye na bin fuskarsa. A yi masa tambayar da amsarta i ce ko a'a, a ba shi lokaci, a bar shi ya nuna da hannu. Magana takan dawo, wani kaɗan wani da yawa, kuma yawan yi da shi yana taimakawa.

Duk waɗannan ba su zaɓi halin da suke ciki ba. Wanda ya zaɓa shi ne mai ilimin da ya iya Hausa tun daga nonon uwa, amma ya ga talaka a gabansa ya ƙi saukowa. Tsoho ya taso daga ƙauye a bayan Mirya, ya biya kuɗin mota, ya yi layi tun safe a wani ofis. Da ya iso taga, saurayin da ke ciki ko ɗaga kai bai yi ba ya ce, "Baba, dosiyenka ba komple ba ne, sai ka kawo kopi legalize da atestasiyon, ka dawo landi." Tsoho ya ce, "To, ɗana, Allah ya yi albarka." Ya fito ya tsaya a rana yana juya takarda, yana neman ɗan lakwal da zai tambaya. Bai ce bai gane ba, don kunya da girma sun hana shi. Abin da aka faɗa masa bai fi a ce takarda biyu suka rage, a je a buga wa ɗaya hatimi, a dawo ran Litinin ba. Irin haka na faruwa a gaban mai ba da magani, inda rashin gane "sau uku bayan abinci har kwana bakwai" yake sa a shanye na mako a kwana biyu, ko a ajiye da zarar zazzaɓi ya sauka.

Ban ce laifin ma'aikaci ne shi kaɗai ba. Da Faransanci aka koya masa aikin tun daga aji ɗaya, bai taɓa jin sunan waɗannan takardu da Hausa ba, kuma layin da ke gabansa dogo ne. Aron kalma ma ba aibi ba ne, asibiti da mota da lakwal duk aro ne kuma sun zauna. Aibin shi ne a ga alamar mutum bai gane ba a wuce. Akwai ma'aikatan jinya da na ga suna yin abin da ya dace: su ja layi uku a jikin kwalin magani, su ce, "Inna, maimaita min yadda za ki ba shi." Idan ta maimaita daidai an gama, idan ta karkace a sake. Bai fi minti ɗaya ba.

A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida tare da Faransanci a 1973, kuma a 2025 dokar sake gina ƙasa ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ta sanya Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Abin da ya rage shi ne kalmomin aikin kansu. Wasu sun riga sun samu, hawan jini da ciwon suga da takardar haihuwa ba mai tambayar ma'anarsu. Wasu kuwa, na kotu da na banki da na takardun fili, kowane gidan rediyo da yadda yake fassara su, na Kano daban na Maraɗi daban namu daban. Sai malaman harshe na jami'o'inmu da ƴan jarida da ma'aikatan da ke zaune a tagogin nan sun zauna sun tsayar da su, an buga su, an kuma sa su cikin horon sabbin ma'aikata kafin a tura su aiki.